Na Yarda

A Ikeja, a layin masu gyaran waya,
inda janareto ba ya shan iska,
Tanimu ya juya wayata ya ce,
"Baba Barau, burauzarka ta tsufa.
Ga sabuwa, makonta biyu da fitowa,
ba ta cin data, ba ta jan ƙafa,
kuma kyauta ce."
Kyauta, a Legas?
Garin da ko inuwar gada sai da mai ita?
Na yi dariya, na miƙa yatsa.

Ta ce tana son sanin inda nake. Na yarda.
Tana son lambobin mutanena,
daga dillalan Mil Sha Biyu har ladanin unguwarmu.
Na yarda.
Tana son kunne, tana son ido,
tana son hotunan cikin ɗaki.
Ga wani dogon rubutu, ƙanana kamar tsabar riɗi.
Ni da nake ƙirga kwandon tumatir sau biyu
kafin in sallami direba,
ban karanta ko layi ɗaya ba.

Daren Laraba a Agege,
ruwa na dukan kwano, an ɗauke wuta.
Na juya wa Lantana baya,
na rage hasken waya,
na rubuta abin da na yi wata huɗu ina haɗiyewa:
kumburin ƙafa,
fitsari mai kumfa,
nawa ne kuɗin wankin ƙoda.
Daga Allah sai likitan Idi-Araba,
haka na zata.

Washegari a danfo, mun maƙale a Oshodi,
na buɗe don duba farashin albasa,
sai ga tallar asibitin ƙoda ta cika fuskar waya.
Matar da ke gefena, mai kwandon kifi,
ta leƙa, ta dubi ƙafata,
ta yi mini sannu da harshenta.

Da la'asar wata murya ta kira,
ta san sunana, har da na mahaifina,
wai ko ina bukatar bashin jinya.
Wa ya aike ka?
Ya kashe.

Da can bango muke tsoro, mu ce yana da kunne.
Bango dai ba ya bin ka kasuwa,
ba ya kwana ƙarƙashin matashinka,
ba ka saya masa caji da kuɗinka.

Abin da ya karya ni bai zo daga baƙo ba.
Atine ta ari wayar don aikin makaranta.
Ta daɗe shiru.
Ta ɗago, ba ta dubi idona ba,
ƙafata ta duba.
"Baba, me ya sa wayarka take ta maganar ƙoda?"

Na koma Ikeja da fushi a baki.
Tanimu ya danna, ya goge, ko minti bai yi ba.
Na ce, to, wanda ta riga ta kwasa fa?
Ya sosa ƙeya.
"Wannan ya haye teku, Baba.
Yana wani ɗaki mai sanyi da ba mu da mabuɗinsa.
Ni ma yanzu nake jin ana cewa
ƙofar bayanta ba ta da sakata."
Yanzu kake ji.
Ni kuma da fatata na ji.

Ban zage shi ba. Yatsa nawa ne.

A daren nan na kashe wayar,
na sa ta cikin tukunya, na rufe da murfi,
ina sane wauta ce.
Na zauna bakin katifa na ce,
Lantana, tashi, akwai magana.
Shekara ashirin da uku muna cin tuwo kwano ɗaya,
ga shi wasu da ban san fuskarsu ba
sun riga ki ji.

Ta saurara har na gama.
Ta jawo ƙafata kan cinyarta, ta danna kumburin,
wurin ya lotsa, bai taso ba.
Ta ce, "Tun watan azumi na gani.
Jira nake ka yarda."